Dunƙulen Hannu a Ƙarƙashin Motar Yaya Lawali

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar wana, Lawali direba. Da an bar ni da halina, da na yi masa addu'a a ɗaki na ja bakina na yi shiru kamar kowace shekara, don ni ba marubuciya ba ce, tsohuwar malamar lakol ce da ta ajiye alli. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a watannin baya ina zaune a ƙofar gidana a Agiye ina tsintar wake, sai ga motar da ya mutu a cikinta ta shawo kwana ta tsaya a gabana, da sabon fenti, tana ƙyalli. Ban san lokacin da faifan ya suɓuce daga hannuna ba.

Wanda ya fito daga ciki Rabe ne, ɗansa, wanda yake goye a bayan uwarsa lokacin da uban ya rasu. Yanzu shi ma furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ya fito yana dariya irin ta ubansa, shi a tunaninsa abin farin ciki ya kawo mini. Ni kuwa motar kawai nake kallo. A sanina motar nan tana bayan gidanmu na gado a Tibiri, gabanta a lotse, kaji na ƙwai a kujerar direba. Ashe Rabe ya ja ta zuwa Maraɗi ba da sanina ba, ya ɓata watanni yana tayar da ita.

Akori-kura ce mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda muke kira kat-kat. Yaya ya saye ta hannun masu ginar rijiya bayan sun gama gallaza mata a daji, kuma tun ranar ba mu sake jin wata hira a bakinsa ba sai tata. Mutum ne mai surutu da son a yaba masa, in ya wanke mota sai ya kira ka ka zo ka ga fuskarka a jikin ƙofa. Ya ce abu uku zai yi mata. Na fari birki, don tsohon sai an taka an sake takawa yake kamawa. Na biyu sifirin, ƙarafan nan da ake jerawa falle kan falle a ƙarƙashi su ɗauki nauyi. Na uku na'urar sanyi, wadda ta zo da motar amma ta daɗe da mutuwa. Ya yi wa Inna alkawari in ya gyara ta zai ɗauke ta daga Tibiri har Gazawa ba ta yi gumi ko ɗigo ba. Inna ta ce shi dai ya fara gyara ƙofar da ake ɗaurewa da igiya.

Sai farin tamanin da huɗu ya sauka. Yaran yanzu ba su san shi ba sai a bakin tsofaffi, kuma Allah ya sa kada su sani. Ruwa ya ɗan taɓa ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Mata suka koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci don a ci, wasu suna tonon gidan tururuwa. A ajina yara suna barci da hantsi, ba ni da zuciyar tashin su. Shanu suna faɗuwa a bakin hanya babu mai waiwayarsu. Duk mai mota a lokacin ba shi da hutu, don hatsi yana wuri ɗaya, masu yunwa suna wani wuri.

Shekarar ce kuma aka rufe iyaka, kayan birkin da Yaya ya aika a sayo masa a Katsina suka ƙi zuwa. Masu bin ɓarauniyar hanya hatsi da mai suke ɗaukowa, wa zai cika jakarsa da ƙarfe? Sifirin kuwa bai buƙaci iyaka ba. Wani maƙeri a Cadawa ya yanko falle-falle daga wata matacciyar babbar mota, ya ƙara a kan na Yaya, ya ɗaure tamau. Haka na biyu ya riga na fari. Motar ta fito ta miƙe, bayanta ya ɗaga sama, Yaya yana zagaya ta kamar ango.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. A tashoshinmu ba a auna kaya da sikeli, da hannu ake aunawa. In ana lodi, sai ɗan kamasho ya tsuguna ya dunƙule hannu ya tura tsakanin tayar baya da jikin mota. In ya shiga sakayau, a ƙaro. In ya fara matsewa, kaya sun isa, ko ɗan sarki ne ya zo sai ya jira wata. Kowa ya yarda da wannan ma'auni, direba da fasinja da jandarma masu tsaron hanya, kuma tun da na yi wayo ban ji wanda ya yi masa gardama ba.

Ranar kasuwar Gazawa ce, a can nake koyarwa lokacin. Na kai wa Yaya ruwa a tasha na tarar ana loda masa buhunan dawa da dusa, zai kai wani ƙauye a hayin Gulbin Kaba. An kusa gamawa sai ga Juli, Bafillatanin da ya yi shekaru yana kiwon shanun Inna. Da ƙyar na gane shi. Garkensa ya ƙare, saura maraƙa guda da yake ja da igiya, bayansa mata da yara da tsofaffi, da ƙore da sandunan gado. Sun ji rijiyar surukansa a hayin gulbi ba ta ƙafe ba, amma ƙafa ta gaza.

Ya ce, "Lawali, ka dubi Allah ka dubi yaran ga."

Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "A sa hannu."

Ɗan kamashon, wani dattijo da ya tsufa a tashar, ya tsuguna ya tura. Ya ce yana shiga, har da saura. Mata suka hau. Aka sake sawa, ya shiga. Tsofaffi da yara suka hau, aka ɗaure maraƙa aka ɗora, wasu da ba 'yan ayarin ba ma suka maƙale. Hannu bai daina shiga ba. Tasha ta cika da murna, ana cewa Allah ya kawo motar da ba ta gajiya a shekarar da ake bukatarta. Yaya ya leƙo ta taga ya ce mini, "Malama, ke da ke koyar da lissahi, kin taɓa ganin haka?" Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ni, kuma dariya na yi masa.

Kafin la'asar wani mai keke ya shigo gari da labarin hatsari. Jandarma suka tafi da ni a motarsu. Abin da na fara gani a gangaren gulbi ba gawar ba ce. Mata ne durƙushe cikin rairayi, da rariya da faifai da bakin zane, suna tace dawar da ta zube daga buhunan da suka fashe. Taku kaɗan daga gare su wana yana kwance an lulluɓe shi da bargon Juli, su kuwa ko ɗaga kai ba su yi ba. Na so in yi musu ihu. Har yau in na ji ƙarar rariya sai gabana ya faɗi, ko da yake na daɗe da yafe musu, don dawar nan dama saboda irinsu ya ɗauko ta.

Juli ne ya ba ni labari, da Hausarsa ta Fulani, jini na zuba a goshinsa. "Ya taka, ya taka, mota bai ji ba." A ƙasan gangaren mutane ne cike suna tonon ruwa a busasshen gulbi. Yaya ya karkatar da kan motar cikin rairayi mai zurfi, wajen wata goruba, ya ba ta ɓangaren da yake zaune. Na baya suka zube a kan rairayi, wasu da karaya, wasu da ƙujewa. Shi kaɗai ya rasu.

Sai Juli ya ja ni bayan motar. Rabin buhunan suna nan a ɗaure, gaba ya lotse har sitiyari, amma bayanta yana tsaye ƙyam. Ya tsuguna ya dunƙule hannu ya tura. Ya ce, "Malama, duba. Har yanzu yana shiga." Nan na gane. A da, raunin sifirin ne ke kare raunin birki, motar takan durƙusa tun kaya ba su fi ƙarfin abin da zai tsayar da ita ba. Da aka ƙarfafa ɗaya aka bar ɗaya, sai hannu ya ci gaba da faɗin abin da ya saba faɗi, mu kuma muka ci gaba da yarda. Tasha guda cike da mutanen da suka tsufa a harkar mota, babu wanda ya tuna da birki, har shi da ya ce shi ne na fari.

A gida aka ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Aka ja motar zuwa Tibiri, Inna ta hana a sayar da ko ƙusa. Ta rayu shekaru bayansa, ba ta taɓa shiga mota mai sanyi ba. In an yi mata tayi sai ta ce akwai wanda ya riga ya yi mata alkawari.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na san zai yi santin kwalta, zai raina 'yan kabu-kabu, zai kuma addabi kowa da hoton motarsa a waya. Amma ina jin in aka kai shi tashar Gazawa ranar kasuwa, dariyar za ta ɗauke. Motoci sun sake, ƙarafa sun ƙara ƙarfi, ana tsiro kaya har su fi motar tsawo, mutane a sama kamar tsuntsaye a kan zangarniya. Kuma da idona na ga ɗan kamasho ya tsuguna ya tura hannu. Ban san wanda zai fi kaɗuwa ba tsakanina da shi.

To, ga Rabe a ƙofar gidana. Ya buɗe mini ƙofa, wani sanyi ya bugo ni. Ya ce, "Gwaggo, shigo ki ji kilim, na'urar sanyin nan. Abin da Baba bai samu yi ba na ƙarasa mishi." Ya nuna mini sababbin sifirin masu kauri, ya ce jigilar aya zai riƙa yi daga ƙauyukan Cadawa, da fasinja ranar kasuwa.

Na ce, "Birki fa?"

Ya sosa ƙeya. "Shi kaɗai ya rage. Kayan sun maƙale a hanya, kin san sha'anin iyaka. Amma tsohon yana kamawa, in an taka sau biyu."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ko a gangaren gulbi, don can abin ya riga ya faru. Yaron nan bai san muryar ubansa ba, amma ga shi ya bi sawunsa ƙafa da ƙafa, har da dalilin. Na kama hannunsa na dunƙule masa shi kamar yadda nake kama hannun 'yan aji ɗaya, na ja shi bayan mota, na ce ya tura. Ya tura, ya shiga har wuyan hannu. A nan tsugune na ba shi labarin da ya wuce "kwana ya ƙare". Da na gama na zare makullin na ƙulle a bakin zanena.

Ya yi magiya, ya ce lokacin aya zai wuce, abokansa za su yi masa dariya a ce tsohuwa ta ƙwace masa mota. Na ce su yi, ni ma na taɓa yin dariya a tasha. Ya koma Maraɗi a motar haya yana kumbure-kumbure. Motar ta zauna a ƙofar gidana, awakina suka sami inuwa.

In na auna abin da Yaya ya bari, ba gida ba ne, ba gona ba. Yaran da suka zube a rairayin nan yau suna da jikoki. Maraƙar Juli ta rayu, daga ita ya sake tayar da garke, har yanzu 'ya'yansa suna kiran zuriyarta shanun mota, kuma duk damina sai sun aiko mini da man shanu. Ya bar mana kuma kuskurensa, wanda bai yi shi don kwaɗayi ba, tausayi ne ya sa ya ce a sa hannu. Ina son wana, ina kuma jin haushinsa har gobe.

Da kayan suka iso, Rabe ya zo da makanike aka ɗaura su a gabana, ina zaune a kujera kamar mai duba jarrabawa. Ban ba da makulli ba sai da ya yarda da sharaɗina. Aka cika motar da buhunan aya, na shiga gaba, muka bi ta Gazawa muka nufi gulbi da hantsi. Gorubar babu ita, an sare ta tuni, amma gangaren yana nan yadda na san shi. Da muka kai tsakiyarsa, inda nauyi ke tura mota daga baya, na ce, "Rabe, tsaya."

Ya taka sau ɗaya. Ta tsaya.

Sanyin na'ura na ta hurawa a kanmu. Can na ce ya kashe injin, ina so in sauka in yi wa ubansa addu'a a nan.