Ra'ayin Tela a Kan Wasan da Ba a Gama Ba

Duk layin babu mai kiransa da wani suna sai Tela. Matarsa ma, in ranta ya ɓaci, Tela take ce masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a bakin titi, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da katifa, kuma a nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa, ƙafa a kan keke, tef a wuya, allura a baki. Mutum ne mai surutu. In ka kai masa ɗinki, kafin ya auna kafaɗarka ka ji labarin kowa a unguwar. Alkawarinsa kuwa irin na masu sana'arsa ne, gobensa ba ta ƙarewa. Amma in ya gama riga, sai ka manta da fushin da ka zo da shi.

Wata safiya yana yankan yadi almakashi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ƙi motsi. Mai gyaran fanka ne ya leƙo, ya ga bakinsa ya karkace, ya ƙwala ihu aka taru. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Sannu a hankali ƙafa ta dawo, sai dai da sanda. Magana ta dawo, da ɗan nauyi. Hannun ne ya yi zamansa a kan cinya kamar na aro.

Aka ba wani shagon. Aka kawo keken gida, aka jingine shi a lungun falo, matarsa ta rufe shi da tsohon labule. Masu zuwa dubiya suka yi ta zuwa, suka ragu, suka ɗauke ƙafa. Tela ya koma zaman kujera yana kallon bango. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu sai ya wuni bai ce uffan ba.

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, shi ya sa kowa yake ce mata Nas. Da ta zo hutu ta ga yadda uban ya koma, ba ta yi masa wa'azi ba. Tsohuwar kwamfutarta ta ajiye masa a kan teburin yanka yadi, ta maƙala masa abin sauraro a kunne.

"Baba, mutum ɗaya muke nema," ta ce. "Mu uku ne, kuma wasan na mutum huɗu ne."

Ta yi masa bayani. Wasa ne da ake yi ta intanet, a wata duniyar ƙirƙira mai dodanni da matsafa da garuruwan da aljanu suka cinye. Mutum huɗu suke haɗuwa, kowa yana gidansa, suna jin muryar juna, su fita yaƙi tare. Sai dai masu ƙera wasan ba su gama shi ba. Da gangan suka sake shi haka, don mutane su yi ta bugawa suna faɗin ra'ayinsu, su kuma suna gyarawa. Rabin ƙasar hazo ne kawai. Akwai ƙofofin da ba sa buɗuwa. Wani lokaci dokinka ya shige cikin bango ya maƙale, sai jela a waje.

Tela ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Wato riga ce ba a sa mata hannu ba, aka ce ka saka ka tafi unguwa."

"Haka ne, Baba."

"Kuma mutane suna karɓa?"

"Har da godiya."

Ya yi dariya, karon farko tun da ya dawo daga asibiti.

Aikin mai magani aka ba shi. Nas ce mai kwari da baka. Akwai wani direban motar asibitinsu, mai murya kamar ganga, shi ne mai garkuwa da yake tsayawa a gaba. Akwai kuma wata malamar lissafi, ƙawar Nas, mai gajen haƙuri, ita ce take jifa da wuta. Mai magani a baya yake tsayawa, ya zuba ido, ya ga wanda jininsa yake ƙarewa, ya nuna shi ya danna. Hannu ɗaya ya isa. Da farko hannun hagun ya yi ta yi masa gardama, ya warkar da dodo maimakon Direba, aka yi ta dariya. Kafin Nas ta koma bakin aiki ya fara kama kan abin.

Daga nan yammacinsa ya samu ma'ana. Duk ranar da Nas ba ta da aiki, da rana ta yi sanyi sai ka ji shi a falo yana faɗa da mutanen da bai taɓa gani ba.

"Direba, ja da baya! Kai ba ka san tsoro ba ne? Malama, ki bar ƙona ciyawa, ga abin can a bayanki!"

"Kawu, ai kana nan," in ji Direba. "In na mutu laifinka ne."

Matarsa takan tsaya a bakin ƙofa riƙe da faranti. "Baban yara, abinci ya huce, kai kana can kana yi wa aljanu allura." Tana mita, amma in ta juya murmushi take yi. Likitan da yake duba shi ma ya ce harshensa ya saki, ya tambayi wane motsa baki yake yi. Tela ya ce zagin direba.

Da safe, in gidan ya yi shiru, sai ya buɗe shafin da 'yan wasa suke rubuta ra'ayinsu. Wannan ya zame masa zaman bakin shago. Wani ya ce ƙasar tana da kyau amma fayau take, ka yi ta tafiya ba ka haɗu da ko ɓera ba. Wata ta ce wasan ya haɗiye mata takalmin sihiri da ta sha wuya kafin ta samu, kuma ba za ta yafe ba. Wani ya ce shi da ƙaninsa sun daina gaba saboda wasan nan. Wani ya rubuta dogon zagi, a ƙarshe ya ce gobe ma zai buga. Tela yakan karanta wa matarsa masu ban dariyar tana wanke-wanke.

Amma akwai wata murya da ta fi kowace ƙarfi a shafin, ta masu saurin hannu, waɗanda suke ɗaukar bidiyon wasansu dubban mutane suna kallo. Su cewa suke yi faɗan ya cika sanyi. Suka sa wa mai magani ido musamman. Ɗaya ya rubuta cewa aikin malalata ne, kakarsa ma za ta iya da hannu ɗaya tana gyangyaɗi.

"To ga kakar taka nan," in ji Tela, yana nuna kansa. Ya yi dariya ya wuce. Bai kawo komai a ransa ba.

Sai ga sanarwa daga masu ƙera wasan. Sun ce sun saurari jama'a, sun sake fasalin faɗa gaba ɗaya. Yanzu mai magani ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Dole ya yi ta gocewa yana gudu da hannu ɗaya a kan madannai, ɗaya hannun kuma yana saiti, kuma maganin ba zai fita ba sai an haɗa biyun a daidai lokaci.

Ranar da suka fara gwadawa, a kan wata gada suka haɗu da dodo mai kan bijimi. Sun sha kashe shi a baya suna hira. Direba ya shiga gaba kamar kullum. Jininsa ya fara sauka.

"Kawu, magani!"

Tela ya danna. Babu abin da ya fita. Ya saki linzamin kwamfutar ya kai hannu kan madannai, mutumin nasa na cikin wasan ya yi gudu ya bugi bango. Ya dawo kan linzami, dodon ya riga ya juyo.

"Kawu! Kawu, ina kake?"

Da hannun hagu ya ɗago na daman, ya ɗora shi a kan madannai, ya daidaita ɗan yatsa ɗaya. Yatsan ya zame. Hannun ya sulale ya faɗi a cinyarsa. Yana kallo Direba ya faɗi, Malama ta bi, sannan Nas. Shi ne na ƙarshe, yana tsaye da sandar magani a hannu har dodon ya iso.

Can Malama, wadda ba ta saba rarrashi ba, ta ce, "Intanet ɗin ne yau ba kyau."

"Nawa ma yana yankewa," in ji Direba da sauri.

Tela ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Intanet lafiyarsa ƙalau."

Ba su saduda ba. Nas ta bincike ko'ina a cikin wasan ko akwai inda ake mayar da komai kan hannu ɗaya. Ta samu wurin, amma an rubuta cewa sai nan gaba. Matarsa ta ja kujera ta zauna a gefensa, ta ce ita za ta zama hannun damansa. In ya ce danna, ta danna. Sai dai kafin maganar ta fito daga bakinsa mai nauyi ta isa yatsanta, an riga an kashe su. Ya daka mata tsawa, abin da bai yi ba ko yana da lafiya. Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya dogara sandarsa ya bi ta, ya tsaya a ƙofa, ya rasa ta inda zai fara ba ta haƙuri.

Mai gyaran fanka ma ya yi nasa ƙoƙarin. Ya zo da waya da ƙusoshi, ya kwance matakin tsohon keken, ya haɗa shi da madannai don Tela ya riƙa takawa da ƙafa. Ya yi aiki, amma madanni ɗaya kawai yake dannawa, wasan kuwa da yawa yake nema a jere. Suka zauna su biyu suna kallon abin a ƙasa.

"Ka rubuta musu mana," in ji mai gyaran fanka. "Ba ka ce suna saurare ba?"

Ya rubuta. Da yatsa ɗaya, yana gogewa yana sakewa, safiya guda ta tafi. Ya ce shi tela ne da hannunsa ya mutu. Ya ce bai zo zagin kowa ba, kuma ya ga sabon tsarin yana faranta wa mutane rai. Roƙonsa kawai a bar wa irinsu tsohuwar hanya a gefe, ko da ba za a ba su lada irin na masu sauri ba. Ya ce a nan ne kaɗai ake kiransa a ce ana bukatarsa.

Amsoshi suka zo. Wani ya ce Allah ya ba Baba lafiya. Wani ya ce wasa ne, ba asibiti ba. Wani ya ce in an saurari kowa ba za a taɓa gamawa ba. Wata mata ta ce ita hannunta rawa yake yi, ita ma ta daina shiga, ta ɗauka ita kaɗai ce. Daga kamfanin kuma aka rubuta masa layi ɗaya mai ladabi, cewa an gode, an kuma miƙa batun ga waɗanda abin ya shafa. Kafin rana ta faɗi, rubutunsa ya nutse a ƙarƙashin wata sabuwar rigima a kan launin alkyabbar matsafa.

Abin da ya fi kashe masa gwiwa shi ne yabon da ya cika shafin. Mutanen da suka tafi suna dawowa. Taurarin yabo da ake ba wasan suna hawa. Ba shi da wanda zai kira azzalumi. Ya kira Nas a waya.

"Ki gaya min tsakaninki da Allah. Yanzu ya fi daɗi?"

Ta ce, "Baba..."

"Ni ne ubanki. Faɗa min."

"Ya fi daɗi, Baba," ta ce a hankali.

"To madalla," in ji shi.

Su ukun suka ƙi barinsa. Suka koma wuraren masu koyo saboda shi, suna tsinkar ganye suna kashe ɓeraye. Yana jin Malama tana hamma tana dannewa. Yana jin Direba yana ba da labarin wani sabon dutse da aka buɗe, wanda kowa ya hau ban da su, sannan ya tuna ya canja magana. Tela ya yi shekaru yana karanta fuskar mai karɓar rigar da ba ta yi masa ba yana cewa ta yi. Muryar ma ya gane ta.

"Ku nemi wani mai magani," ya ce musu wata yamma.

"Haba Kawu, wa ya kawo wannan magana?"

"Ni na kawo. Ku je ku hau dutsen nan, ku zo ku ba ni labari. In kun ƙi, na daina ɗaukar wayarku."

Suka yi musu, ya kafe. Suka samu wani, ma'aikacin banki, mai saurin hannu da ƙarancin magana.

Kamfanin ya ce za a sa tsarin hannu ɗaya in an kammala wasan. An sa rana, an ɗaga, an sake ɗagawa. Tela yana buɗe shafin da safe har yanzu, sai dai ya daina karanta wa matarsa.

Ranar da suka kashe dodon dutsen, Nas ta kira shi tana haki don murna. Ya tambayi wa ya fara faɗuwa. Ta ce Direba.

"Na sani," ya ce. "Ku gaya wa na bankin ya riƙa sa masa ido, ba ya ja da baya sai an yi masa tsawa."

"Zan gaya masa. Baba, ana kirana daga asibiti, an kawo mara lafiya."

"Je ki, Allah ya taimaka."

Ya ajiye wayar a kan teburin. Matarsa ta leƙo ta ce lokacin tattaki ya yi, likita ya ce kada ya riƙa tsallakewa. Ya ce ƙafarsa ba ta jin daɗi yau. Ta ce jiya ma haka ya ce. Ta miƙo masa sandar, ta tsaya tana jira har ya miƙe.