Izinin Baƙo a Shagon Goggo

Goggona tana da shagon ɗaukar hoto a unguwar Lokuwa, kuma a wurinta na zauna bayan na gama karatu. Kwamfutocin shagon a haɗe suke ta wayafai, wato layin intanet da ake kamawa ta iska. Duk hoton da aka ɗauka wuri guda yake zuwa, mai gyara ya buɗe daga tasa kwamfutar, mai bugawa ma haka. Wanda ya haɗa mana su ya daɗe da komawa Yola.

A wata damina na shiga cikin masu sa kai da ke rubuta bayanan taimako na manhajar kwamfuta da Hausa. Aka ba ni sashen raba fayil tsakanin kwamfutoci. Akwai wani ɗan akwati da ake dannawa, aikina in rubuta abin da zai faru idan an danna. Na rubuta, "Ba baƙo izinin shiga."

Na karanta wa Goggo, don idan ta gane, kowa zai gane. Tana ɓare dafaffiyar gyaɗa, ko kallona ba ta yi ba.

"Wane baƙo?" ta ce. "Ai kowa dannawa zai yi. Wa ke hana baƙo shiga? Gaya mini yadda abin yake."

Na ce, "Duk wanda ya kama wayafai ɗin wurin zai iya buɗe fayilolin, ba sai an tambaye shi kalmar sirri ba."

"Ko yana waje?"

"Ko yana waje, Goggo."

Ta ajiye gyaɗar. "Namu fa?"

Na je na duba. Akwatin a danne yake, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Lambar wayafai ɗinmu kuwa babu ɗalibin unguwar da bai san ta ba. Na rufe nan take, na canza lambar. Sai a lokacin na tuna da wani mutum mai babur da ke yawan tsayawa ƙarƙashin dogonyaro a tsallaken titi, kansa a sunkuye kan waya. Ban taɓa ganin ya ɗauki fasinja ba.

Washegari bayan azahar mutumin ya shigo. Ya yi sallama cikin ladabi, ya gaida Goggo, sannan ya miƙa mata wayarsa. Hoton wani dillalin shanu ne na ƙauyen Mugulbu da 'ya'yansa, wanda muka ɗauka ranar kasuwa. Ba mu ma buga shi ba tukuna.

"Mama, ina gidan wannan bawan Allah yake?"

"Masu zuwa suna da yawa, ɗana. Ban riƙe shi ba."

Ya daɗe yana kallonta. Ya juyo ya dube ni, ya dubi kwamfutar da ke gabana.

"Yau layinku ba ya kamawa," ya ce, yana murmushi. Ya fita a hankali.

A lokacin nan zancen sace mutane ya cika gari. Goggo ba ta yarda da kiran waya ba. Ta yafa mayafi, ta nemi ɗan acaɓan da ta sani, ta tafi Mugulbu don ta gargaɗi dillalin, hadari na haɗuwa. Na zauna a shagon, duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofa sai in tashi in leƙa. Dab da magariba ta dawo a jiƙe. Ta ce dillalin bai yi tambaya ko ɗaya ba, ya dai kira matarsa ya ce ta haɗa kayan yara. Daga baya muka ji sun koma wurin dangi. Bai dawo karɓar hotunan ba.

Bayanin akwatin da na tura a ƙarshe shi ne, "Idan ka danna nan, duk wanda ya kama layinka, ko ba ka ganinsa, zai iya buɗe fayilolinka ya kwashe." Mai duba aikin ya ce ya yi tsawo, kuma zai tsorata mutane. Na ce a bar shi haka, aka bari.

Mai babur ɗin na sake ganinsa sau ɗaya, bayan girbi, a tsaye kusa da wani shagon buga takardu a hanyar Vimtim. Na shiga na nemi mai shagon.