Maginin da Gara Ba Ta Cin Rumbunsa

Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi tsakanin Rawayau da Ɗantutture ya san Mahmuda magini. Gajere ne, ga wuyan sha'ani, idan yana kan aiki ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya ga dama. Amma ka ba shi rumbu ya gina maka, to ka huta. Gero zai shekara a ciki ko ƙwaro ɗaya ba za ka gani ba, gara kuwa ko gindin ba ta kusanta. Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce addu'ar uwa ce. Shi dai sai ya murza gemu, ya ci gaba da aikinsa.

Ba wani asiri, ƙasa ce kawai. A bayan ƙauyensu akwai kangon da ake kira Tsohon Sito. Zamanin da auduga ke tashe, wani kamfani da ya daɗe da rushewa ya riƙa ajiye maganin feshi a can. Kamfani ya watse, rufi ya faɗi, gangunan ƙarfen da aka bari suka yi tsatsa suka tsiyaye. Mahmuda yana saurayi ya lura ko tururuwa ba ta yin gida a wurin. Ya ɗebo mangala guda a kan jaki, ya kwaɓa da ramno, wato busasshiyar ciyawar gini, ya yaɓe rumbun gidansu. Shekarar nan gara ta yi wa na maƙwabta kaca-kaca, nasu ko gezau.

Da ƙasar nan ya yi suna, da ita ya auri Sakinatu, da ita ya ciyar da 'ya'ya har suka kama gabansu. Daga rumbu aka koma kiransa yaɓen ɗaki, musamman na amare, don kuɗin cizo ma ba ya zama. Da za a kai autarsa Murja gidan miji a Kurfi, da hannunsa ya yaɓe mata ɗaki ciki da waje, ya ce 'yarsa ba za ta kwana da ƙwaro ba. Allah sarki! Yarinyar nan ta yi ɓari kan ɓari har ta rame, ta daina dariya. Bana ne ciki ya zauna ya tsufa, aka dawo da ita gida goyon ciki. Don murna Mahmuda ya sake yaɓe ɗakin da za ta zauna da sabuwar ƙasar Sito, ya shafe shi sumul.

Shi kansa hannuwansa sun daɗe da tsattsagewa, suna ɓari idan ya ɗauki kofin koko. Ya ce tsufa ne. Jakunansa ba sa daɗewa, ya ce jakunan yanzu ne ba su da ƙwari. Mutum ne da idan ya kafe a kan abu, sai dai ka gaji ka bar shi.

Ana cikin haka aka fara jin magana a rediyo, wai jiha ta yi doka a kan wuraren da guba ta daɗe a cikin ƙasa, za a nemo su, a killace, a kwashe. Wa ya damu? Sai ga farar mota ta biyo ta Dutsin-Ma, mutane suka fito da takunkumi da safar hannu, suka ɗibi ƙasar Sito a 'yan kwalabe kamar masu ɗibar garwashi. Matasa suna ta yi musu dariya. Bayan 'yan makonni suka dawo, aka tara jama'a da hantsi a ƙofar mai unguwa.

Wata ma'aikaciya, Malama Hafiza, ita ta yi bayani, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce wannan irin maganin ba ya mutuwa. Ruwan sama ba ya wanke shi, rana ba ta ƙone shi, shekaru ba sa rage masa ƙarfi sai kaɗan. Idan ya shiga jikin mutum sai ya zauna, ya yi ta taruwa. Ta ce uwa tana ba ɗanta shi tun yana ciki, ta kuma ƙara masa a nono. Don haka za a kewaye kangon da waya mai ƙaya, a zo da motoci a kwashe ƙasar.

Mahmuda ya ɗaga hannu, abin da bai taɓa yi a taro ba.

"Malama, to idan ƙasar ta bushe fa? A ce ta zama bango?"

"Ko ta bushe, Baba," in ji ta. "Ƙurarta ma ta isa. Akwai wanda ya yi gini da ita ne?"

Wallahi duk wanda ke tsaye a nan akwai ƙasar a gidansa, amma ga kaka ta matso, wa zai buɗe baki a rushe masa rumbu? Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce tambaya ce kawai irin ta tsofaffi. Malama Hafiza ta dubi Mahmuda, ya sunkuyar da kai. Ta shiga mota tana zaton gubar tana nan tare a fili ɗaya.

Kai, mutanenmu! Motar ba ta kai titi ba wani ya ce ƙarya ne, ma'adini gwamnati ta hango. Wani ya ce so ake a hana talaka a sayar wa masu hali. Kafin azahar hanyar Sito ta cika da amalanke da baro da babura, kowa na rige-rigen ɗibar rabonsa kafin a kafa waya. Mahmuda ya tsaya a bakin hanya yana cewa su bari. Wani ya ce masa, "Haba Baba Magini, ka ci moriyarta shekara da shekaru, yau da mu za mu ɗiba ne ta zama guba?" Aka kwashe da dariya, aka wuce shi.

Ya juya gida da sauri, tsoro ya cika shi. Ya tarar da Sakinatu tana tsince wake a tsakar gida.

"Ki fitar da yarinyar nan daga ɗakin can yanzu. Ta koma ɗakinki."

"Ikon Allah! Malam, ɗakin da ka gyara mata da kanka? Nawa fa na yoyo."

"Na ce a fitar da ita!"

Bai jira amsa ba, ya yi sallama ya ɗaga labule. Murja na zaune a kan tabarma ta jingina da bango, ƙafafu a kumbure. Tana ganinsa ta ɓoye hannu a bayanta. Sai idonsa ya sauka a kan bangon da ke gefenta. An ƙwaƙule shi, rami babba kamar tasa, ga wasu ƙanana a jere. Ga jar ƙasa a gefen bakinta.

"Mene ne wannan?" ya tambaya.

Ta yi murmushin jin kunya. "Ka yi haƙuri, Baba, na ɓata maka aiki. Kwaɗayin ciki ne. Tun da na zo nake ɗan ɓantara, idan ban ci ba sai in ji raina ba daɗi."

Sakinatu ta leƙo daga bayansa, har tana dariya. "A kan wannan ne kake ta faɗa? Wace mai ciki ce ba ta cin ƙasa? Ni ma da cikinta haka na cinye maka gefen rumbu, ka manta?"

Mahmuda ya dafa bango, sai kuma ya janye hannun da sauri. Murja ta fito da guntun da ta ɓoye, ta dube shi, ta dubi ubanta.

"Baba, lafiya? Ai ta hannunka ce."