Mutanen da ke Cikin Takardun Malam Sambo

A ƙauyenmu kusa da garin Hajj Abdalla, can gabas kan hanyar Makka, idan an gama cirar auduga, muna hura wuta da karan audugar bayan sallar magariba. Kakata, wadda muke kira Habboba, takan zauna bakin gadon igiya da carbi a hannu, mu kuma a ƙasa. Ba kullum take yin gizo da ƙoƙi ba. Wani lokaci takan ba mu labarin Malam Sambo mai zayyana.

Shi mai ƙawata alluna ne. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya ba shi akwatin launukan da ake jiƙawa da ruwa. Tun daga nan, kowace shekara idan kogi ya cika, sai ya tafi Makwar, ya zauna wuri guda, ya zana madatsar ruwa da ƙofofinta, da tashar jirgi, da hasumiyar masallaci. Mutum ne mai tsoron Allah, bai taɓa zana mai rai ba, ko tsuntsu. Amma da ruwan gindin madatsar yake jiƙa launinsa.

"Da takarda ta bushe," in ji Habboba, tana rage murya, "sai ga mutane tsaye bakin ruwa. Ba shi ya sa su ba, ɗiyana. Da sanda, da gora, kamar matafiya. Shekara ta zagayo, sun ƙara matsowa."

Malam ya so ya ƙone takardun, don tsoron ranar da za a ce masa ya hura musu rai. Liman ya hana shi. Ya ce waɗannan maniyyata ne da suka taso daga Sakkwato, suka tsaya aikin ginin madatsar don neman guzuri, ajali ya riske su a nan, danginsu ba su ji ba balle su yi musu addu'a. Sai malam ya ci gaba da zuwa, yana zane yana karanta musu Ƙulhuwallahu, har fuskokinsu suka fara fitowa.

Na ce, "Habboba, ke kin gan su?"

"Duk shekara nake zuwa in duba."

"Ba ki jin tsoro?"

"Kai dai tura karan nan cikin wuta."

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini. Habboba tana da shekara shida ubanta ya bar ta wurin maƙwabta, ya tafi aikin Makwar, ya ce kafin damina zai dawo su wuce Makka. Bai dawo ba. Shi take nema a takardun, har malam ya rasu, ba ta gan shi ba. Ko kuma ta gan shi ba ta gane ba, don ta manta fuskarsa.

Ina yaro na ɗauka tana tsorata mu ne kada mu je bakin kogi. Yanzu na rubuta sunan uban nata da ajami a bangon Alƙur'anina, Umaru, iyakar abin da ta riƙe ke nan, ina ambatonsa bayan kowace salla. Allah Ya san fuskar.