Ranar da Kaka Ta Ɗauki Waya

Kwanakin baya na shiga wani kemis zan sayi maganin tari, sai wata waya ta yi kuka a bayan kanta. Ba irin kiɗe-kiɗen wayoyin yanzu ba, wani siririn kuka ne mai karkarwa. Na tsaya riƙe da kwalbar magani kamar an dasa ni, har sai da yarinyar shagon ta ce, "Anti, lafiya?" Na ce lafiya lau. Ina zan fara yi mata bayanin cewa kukan nan ya mayar da ni falonmu na Makera a Kaduna, lokacin ina 'yar firamare?

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula aka ja mana layin waya. Baba ya daɗe yana nema, tun ina goye. A masaƙa yake aiki a Kakuri, shi ne shugaban masu gyaran injuna, kuma a wannan shekarar ya cika da fata. Kullum da yamma in ya kashe rediyo sai ya ce, "Yanzu komai zai daidaita, wuta da ruwa da masaƙa." Da aka ja layin sai ya ce ba zai sa waya irin ta kowa ba. Ya sayi wata baƙa marar igiya a hannun wani abokinsa da ya dawo daga Umra. Tana da eriya da ake zarowa, tana da mazauninta da ake jonawa a wuta. A jikin mazaunin akwai ɗan kaset da bai fi kwalin ashana ba, da wata jar fitila da ke ƙyaftawa in an bar saƙo.

Ka san halin kayan da aka yi don wata ƙasa. Da zarar an ɗauke wuta, wayar nan ta mutu, ko da layin lafiyarsa ƙalau. In ka yi nisa da ita sai ta cika kunnenka da shuuu. Iyakarta bishiyar gwaibar da ke jikin katangarmu, in ka wuce nan magana ta yanke.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta yi maraba da ita ba. Baba ya fara ɗaukar muryarsa a kaset ɗin da Turanci, ta ce wace irin tarbar baƙo ce wannan babu sallama. Ya sake da Hausa: "Salamu alaikum, ba ma kusa, a bar saƙo bayan ƙarar." Ta ce to yanzu kuma ƙarya ce, ga ta nan zaune. In wani ya kira ba a ɗauka da wuri ba, na'urar kan amsa, sai a riƙa jin muryar mai kiran a fili cikin falo yana barin saƙonsa. Kaka kuwa daga tsakar gida sai ta amsa masa sallama, ta tambaye shi mutanen gida, ta yi ta mitar ya ƙi kula ta.

Abin da ya sa ta saki jiki da wayar shi ne maƙwabciyarmu. Mama Nas muke ce mata. Mutuniyar kudancin jiha ce, Kirista, unguwarzoma ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ita ta karɓi haihuwata da ta ƙannena. Kullum bayan la'asar sai ta zagayo, su shimfiɗa tabarma a gindin gwaiba ita da Kaka, suna tsince shinkafa ko gyaran zogale. Kaka da carbinta, ita da tabarau rataye a wuya. Da Sallah abincinmu ya fara shiga gidanta. Da Kirsimeti kuwa Baba take kawo wa kajinta ya yanka, don mu ci ba tare da shakka ba. 'Yarta tilo tana aiki a Fatakwal, takan kira ta wayarmu ranar Lahadi in an tashi daga coci. Sai in ruga da wayar gindin gwaiba, Mama Nas ta kifa turmi ta taka daga nata ɓangaren, in miƙa mata ta saman katanga. Kaka ta zauna a ƙasa tana cewa, "Nas, ki ce ina gaishe ta. Ki ce ta yi aure haka nan."

Ba mu cika shekara da wayar ba rikici ya ɓarke, ana gab da shiga zafi, mangwaro ya fara fure. Ba zan ba ka labarin rikicin ba, duk wanda ya zauna a Kaduna a lokacin yana da nasa. Abin da na riƙe shi ne warin taya mai ci da wuta, da yadda aka ɗauke lantarki tun ranar farko, wayar ta zauna a kan tebur ba ta da amfani ga kowa. Baffa, ƙanen Baba kuma autan Kaka, direban bas ne. Ya fita da sassafe a ranar, bai dawo ba.

Washegari da hantsi motar sojoji ta shigo layinmu tana kwashe waɗanda za su fita. Mama Nas ta leƙo ta saman katanga, ba ko ɗankwali a kanta. Ta ce, "Hajiya, na tafi. Na bar miki amanar gida." Kaka ta ce, "Je ki, Allah ya tsare. Ina nan." Kafin la'asar samari suka zo da galan na fetur. Wasunsu 'yan layinmu ne, Kaka ta san iyayensu, wasu ma a hannun Mama Nas suka zo duniya. Baba ya fita yana roƙonsu, suka hankaɗe shi ya faɗi. Muna ciki muna jin kwanon rufinta yana fashewa. Rabin gwaibar da ke kallon gidanta ya babbake.

Da abin ya lafa aka dawo da wuta, wayar ta fara aiki, amma Baba da Umma kullum suna waje neman Baffa, ni kuma an hana ni taɓa ta. Ran nan da yamma suka dawo a gajiye, jar fitila tana ta ƙyaftawa. Muka taru, har da Kaka, ko Baffa ne ya kira daga wani wuri. Baba ya danna. 'Yan uwa ne daga Zariya da Kano suna tambayar lafiyarmu. Sai wata murya, ta wani abokin tuƙin Baffa: "Alhaji, sai haƙuri. Mun gan shi. Ku zo asibiti, yana cikin waɗanda aka kawo." Baba ya kai hannu zai kashe, amma magana ta riga ta fita.

A wurinmu ba haka ake gaya wa uwa ɗanta ya rasu ba. Dattawa ake samu su zo su zauna, a yi ta kewaye-kewaye, a tuna mata Allah, sannan a faɗa. Na'ura ba ta san wannan ba. Kaka ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta dafa bango ta tashi, ta shige ɗakinta. Daga ranar ba ta ƙara taka falon ba.

Sai da ruwa ya sauka Mama Nas ta fara kira. Umma ce ta ɗauka, suka yi kuka tare. Ta ce tana Kamazou wajen ɗan ƙanenta, daga wani shagon buga waya take kira. Umma ta kai wa Kaka wayar har ɗaki, Kaka ta juya fuska ta ce a ce tana salla. Aka sake, ta ce a ce tana barci. Mama Nas ba yarinya ba ce, ta gane. Sai ta koma kira da rana tsaka, lokacin da ta san Baba yana masaƙa, Umma tana makarantar da take koyarwa. Ba wanda zai ɗauka, na'ura za ta amsa, muryarta za ta fito fili.

Da aka yi dogon hutu ina gida, Umma kuma tana fita kwas ɗin malamai, na ji da kunnena. Bayan ƙarar sai ka ji hayaniyar babura, sannan ita: "Hajiya, ni ce. Na san kina nan. Allah ya ta'azantar da ke." Wata rana ta ce, "Kina shan maganin hawan jininki? Ki rage gishiri, na san halinki." Wata rana ta tambaya ko gwaiba ta yi 'ya'ya bana. Ko sau ɗaya ba ta ambaci gidanta ba. Takan ɗan yi shiru a ƙarshe, kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa, sannan ta ce, "To, sai na sake kira."

Kaka ta fara jawo tabarmarta bakin ƙofar falo da zarar rana ta take. Ba ta shiga, ta dai zauna ta ba falon baya. In muryar ta fito sai carbi ya tsaya a hannunta. Na taɓa miƙa hannu zan ɗauka, ta girgiza min kai. Na tambayi Umma ko fushi Kaka take yi da Mama Nas. Umma ta ce, "Ba fushi ba ne. In ta ɗauka, da wanne za ta fara? Da gidan da aka ƙone a gabanta, ko da ɗanta?"

Ran nan hadari ya haɗu tun da hantsi, gari ya yi duhu, iska tana kaɗa labule. Wayar ta yi kuka, na'ura ta amsa. Muryar Mama Nas ta yi ƙasa, tana magana tana hutawa. Ta ce, "Hajiya, ƙafafuna sun kumbura, numfashi ma sai a hankali. 'Yata ta zo, za ta kai ni gida ƙauye. Na ce bari in yi miki sallama. In na taɓa yi miki wani laifi..."

Kaka ta ce, "Miƙo min."

Na zaro wayar na danna na ba ta. Ta riƙe ta a juye, na gyara mata. Ta ce, "Nas. Ina jin ki." Ina jiyo shessheƙar Mama Nas daga inda nake tsaye. Can Kaka ta share fuska da bakin mayafi ta ce, "Amanar da kika bar min..."

Aka yi wata tsawa, fanka ta tsaya, jar fitila ta mutu. Kaka ba ta sani ba. Ta ci gaba da magana. Ta ce ta ga lokacin da suka zo, ta san su ɗaya bayan ɗaya, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Ta ce autanta ko wanka ba a iya yi masa ba. Ta ce, "Ki yafe min, Nas." Ta jira amsa. Da ƙyar na iya cewa, "Kaka, an ɗauke wuta."

Ta kalli wayar, ta kalle ni. Ta ce, "Tun yaushe?" Na gaya mata. Ta ce, "Shi ke nan. Za ta ce na kashe mata waya a kunne."

Tsawar nan taransifomar unguwa ta lalata, muka shafe fiye da mako cikin duhu. Ba mu da lambar da za mu neme ta. Kaka ta daina cin abinci, sai ɗan kunu, shi ma da lallashi. A lokacin ba mai shiga unguwar da ba tasu ba in ba dole, amma ranar Asabar Baba ya fito da babur ya ce in hau. Ya ce wa Umma mutum da yarinya a bayansa ba a cika yi masa kallon mugu ba.

Kamazou a lokacin jan laka ne da gidajen da ba a gama ba, mutane sun tare a ɗakunan da ko taga babu. Duk inda muka tsaya sai an kalli hular Baba. A ƙofar wata coci wani dattijo ya gane wadda muke nufi, ya haɗa mu da mai nuna mana gidan. Matar ɗan ƙanenta muka tarar tana wanki. Ta ce shekaranjiya aka tafi da Mama. Ta ba mu kujera, ta kawo ruwa, Baba ya faɗi abin da ya kawo mu.

Matar ta ce, "Ai ranar ta dawo jiƙe sharkaf, tana dariya tana kuka. Ta ce Hajiya ta ɗauka. Na ce to me ta ce? Ta ce ba ta gama ba magana ta yanke. Na ce, Mama, anya ba kashewa ta yi ba? Sai ta harare ni ta ce, 'Ke, ni za ki gaya wa layin nan? Da an yi tsawa wutarmu ta tafi.'"

Da muka dawo Baba ya ce ni in faɗa wa Kaka, shi ba zai iya ba. Na durƙusa na maimaita mata kamar yadda na ji. Ta ce, "Wutarmu ta ce?" Na ce e, haka ta ce. Ta gyaɗa kai a hankali, hawaye yana bin kumatunta. Da magariba ta ce wa Umma a zubo mata tuwo.

Mama Nas ba ta ga Kirsimetin shekarar ba, 'yarta ce ta kira ta gaya mana. Kaka ta ɗan ƙara shekaru kaɗan ta bi ta. Masaƙar da Baba ya ce za ta daidaita ta rufe, layin waya ya mutu ba wanda ya zo gyara, mu ma daga baya muka sayar da gidan muka ƙetare kogi.

Yanzu ina zaune a unguwar da duk maƙwabtana alƙiblarmu ɗaya, na kuma san can ƙetaren kogin ma haka abin yake. Kowa da waya a aljihu, ana kiran Makka ana kiran Landan, amma garin ya rabu biyu, kowa ya san inda tasa iyakar take. Ran nan muna gyaran alayyahu da 'yata sai ta tambaye ni ko na taɓa shiga gidan Kirista. Na ce mata e. Ta ajiye wuƙa ta ce, "Umma, ba ki ji tsoro ba?"

A garin nan aka haife ta, a nan ta girma, kuma da gaske take tambaya.