Baban Kyaftin da Fatar Kifin Shak

Ku matso, akwai sirri a bakina, amma bari in fara nuna muku mai shi. Ga shi can kan benci a unguwar Sabo, babbar rigarsa ta sha sitaci har za ta iya tsayuwa ita kaɗai. Ya miƙa wa mai yankan farce hannu sai ka ce gwamna. Ban san sunansa ba, amma ko kurman unguwar Mokola ya ji shi yana cewa ɗansa Kamaluddeen kyaftin ne a jirgin ruwa a Ikko.

Sai ga wayarsa ta yi ƙara. Hannayensa duk kumfa, ya ce a sa masa a sifika, kowa ya ji muryar kyaftin.

"Baba, an sallame mu. An manna wa gindin jiragen wani abu mai ƙananan layuka, wai fatar kifin shak aka kwaikwaya. Gansakuka da 'yan dodon koɗi sun daina kamawa, ba sauran abin kankarewa."

Ashe kyaftin namu gindin jirgi yake kankarewa! Bawan Allah ya ƙanƙance cikin rigar nan, ya ƙura wa faratansa ido. Na zaci zai sa a kashe wayar. Sai ya sunkuya, ya ce a hankali, "Ka dai ci abinci? Taho gida, ɗana."

Na fasa dariyar da na tanada. Ya ɗago, ya gan ni na miƙo kunne kamar zomo.

"Malam, ka ji duka, abi ko in kira shi ya maimaita?"