Littafin Kwamfutar Yaya Habibu da Muka Ƙona

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Habibu, kuma har yau idan na ga hayaƙi yana tashi a bayan gidanmu na Rano sai raina ya ɓaci. Na so in yi masa addu'a kawai in ja bakina, kamar yadda ake yi. Abin da ya faru a wurin aikinmu kwanan baya ne ya hana ni.

Ni mai buga takardu ce a wani ofis a nan Rano. Muka zo aiki ranar Litinin muka tarar an sauya wa kwamfutocinmu babbar manhajar da ke tafiyar da su, ba shawara ba sanarwa. Abin da ka saba gani a hagu ya koma tsakiya, inda kake ajiye takardu ka neme shi ka rasa. Aka dire mana littafin jagora da Turanci, kaurinsa kamar bulo, aka ce duk wadda ba ta iya ba zuwa ƙarshen wata za a kawo wani. Abokiyar aikina Hajara daga Tarai take zuwa kullum, ma'aikaciyar wucin gadi ce, kuma da kujerar nan take riƙe marayu huɗu. Ta buɗe littafin, ta rufe, ta kifa kai a tebur. Ta ce, "Yaya Binta, wallahi ko layi ɗaya ban gane ba." Ni kuwa takaici ne ya tokare ni, don na san an taɓa rubuta wa irin su Hajara littafi da harshensu, mu da kanmu muka cinna masa wuta.

Yaya Habibu malamin kwamfuta ne a wata sakandare a Kibiya. Kullum yana kan babur tsakanin can da Rano, jakarsa a rataye. Lokacin da aka yi irin wannan sauyin manhaja a zamaninsa, ya ga yadda manyan mutane, masu furfura, suke zufa a gaban allo suna jin kunyar tambaya. Sai ya sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, ya fara rubuta jagora da Hausa. Da hannu ya yi, don ba shi da kwamfutar kansa, ta makaranta kuwa sai ranar da aka ga dama aka tayar da janareta. Ya zana allon da biro, ya ja kibiya zuwa inda za ka danna, ya rubuta abin da za ka gani in ka danna, har da abin da za ka yi in ka danna ba daidai ba. Littafi tara ya cika. Ni ce zakaran gwajinsa: duk shafin da ban gane ba sai ya yage ya sake.

Ya yi yawo da littattafan yana neman wanda zai buga su, har ya gaji. Wani babba ya ce ya bar su a duba, suka yi wata biyar a ƙarƙashin tiren shayi, ya je ya karɓo da tabon kofi a bango. Wani mai ɗab'i a Kano ya yi masa dariya, wai wanda zai taɓa kwamfuta ai ya ji Turanci. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce! Rabin masu buga takardu da na sani da haddar hannu suke aiki, ba da Turanci ba. Waɗannan mutanen har yau ban yafe musu a raina ba. Da ɗayansu ya buga ko kwafi goma ne, da abin da ya biyo baya bai zama asara ba.

Yaya yana da wata ɗabi'a: ba ya fara shafi sai ya rubuta Bismillah da Larabci a samansa. Kowane shafi, ba na farko kaɗai ba. Bayan sadakar bakwai, ƙanin mahaifinmu, Kawu Sale, ya shiga gyara ɗakinsa. Ya ga takardu tuli, kowacce da sunan Allah. A gidanmu ba a barin irin wannan takarda ta yi yawo, kada a taka ta ko a ƙunshe ƙosai da ita. Ƙona ta ake yi a binne tokar. Kawu bai iya boko ba. Ya ga Bismillah, ya ga zane-zane, ya kwashe ya kai bayan gida. Ina cikin mata ana karɓar gaisuwa, na ji ƙaurin takarda, na ga hayaƙin ta saman katanga, ban tashi ba. Wannan zaman nawa shi ya fi komai ci mini rai.

Da na tambayi Kawu washegari, ya ce, "Binta, na tsare masa sunan Ubangiji ne, kada ya wulaƙanta." Me zan ce da dattijo? Niyyarsa mai kyau ce. Amma gidan nan cike yake da masu digiri, an rasa wanda zai tsaya a bakin ƙofa ya ce Kawu dakata a duba. Da na yi ƙorafi, wani ɗan'uwanmu cewa ya yi ai manhajar ma ta tsufa, littafin ba zai yi amfani ba. Kai jama'a! Mutum ya kwashe shekara uku yana rubutu, a share shi da magana ɗaya.

Da Yaya zai ga yau, ba na jin sabuwar manhaja za ta ba shi mamaki. Ya sha faɗa cewa za su yi ta sauyawa. Abin da zai ba shi haushi shi ne har yanzu bulon Turanci ake dire wa mutane a yi gaba, kuma har yanzu mace kamar Hajara tana ganin ita ce daƙiƙiya.

Littafi ɗaya ya tsira, na farko, don na ara ban mayar ba. Ya yi ta mita a kansa har ya kwanta ciwo. Ranar da Hajara ta kifa kai, na koma gida na zaro shi daga ƙasan akwati. Zane-zanen duk sun tsufa, gaskiya ne, babu wanda ya yi daidai da allonmu na yanzu. Amma a shafin farko ya rubuta: "Kada ki ji tsoro. Ba a zubar miki da kaya ba, sabon jere aka yi wa ɗakin. Ki fara neman abu uku: inda ake kashewa, inda ake ajiya, da inda ake nema." Washegari da safe na karanta wa Hajara a ofis. Ta ɗago ta yi dariya, ta kama linzamin kwamfutar. Kafin azahar ta gano ukun. Sauran muka bi ɗaya bayan ɗaya, ni ina zanawa a takarda yadda Yaya yake yi, ita tana dannawa. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, Hajara tana kan kujerarta.

Abin da ya rage na Yaya Habibu ke nan: littafi ɗaya cikin tara, da hanyar da yake bi ya cire wa mutum tsoro. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Takardun da na zana wa Hajara sun taru, na sayi littafin 'yan makaranta ina kwafe su. Na daɗe riƙe da biro a kan shafin farko ina shawara. Daga baya na rubuta Bismillah, kamar yadda yake yi, kuma a kowane shafi zan rubuta. Sai dai duk shafin da na gama, ba ya kwana sai an yi masa fotokwafi. Akwai a jakar Hajara a Tarai, akwai a makarantarsa a Kibiya, akwai wajen wata mai shago a Durba. Ranar da ta Allah ta kasance a kaina, duk mai son ya ƙona sai ya nemi babur ya bi gari-gari.